Tabarmar Kawu a Bakin Nilu

Jiya a Kasuwar Libiya ƙamshin soyayyiyar gyaɗa ya tuna min da marigayi Kawu. Muna yara a nan Sudan, duk Juma'a yakan kwashe mu zuwa bakin kogin Nilu, ya shimfiɗa tabarma, ya zube gyaɗa a tsakiya.

"A tabarmar nan sai Hausa," in ji shi. "Wanda ya yi Larabci, ya sauka."

Kullum ni ce a kan yashi, ina kumbura baki, yana jefo min gyaɗa a ɓoye.

Yau na kai 'ya'yana can, na kafa musu dokarsa. Ɗaya bayan ɗaya suka sauka, suka bar ni ni kaɗai.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya zaunar da kai inda ake amsa maka da Hausa.