Injin Citta Marar Murfi

Ƙarfe huɗu da kwata na wata yammar Alhamis abin ya fara lalacewa, kuma ko zan manta da komai na karatuna a Kafanchan, wannan kam yana nan daram. Na san lokacin ne saboda agogon kwamfuta nake kallo, don na kasa ɗaga ido in kalli mutumin da ke tsaye a kaina.

Aikina na shekarar ƙarshe injin hannu ne na tsaga citta. A garinmu da wuƙa mata ke tsaga ta kafin a shanya, kuma da wuya ka ga hannun da ba tabo. Na zana injin yadda kowane mai walda zai iya ƙera shi da ƙarfen kasuwa. Burina in saka zanen a intanet kyauta, kowa ya ɗauka.

Shafuka biyu na samu. Ɗaya na 'yan sa-kai ne, ba kwalliya ko kaɗan, amma ana sauke komai ba rajista, sunan mai zane yana nan, wanda ya gyara kuma dole ya bar gyaransa a buɗe. Ɗayan kuwa sai ƙyalli, da hotunan matasa suna dariya a gaban injuna. Wani da ya riga mu gamawa shi ne wakilinsu a makarantar, yana yawo da rigarsu har ranar Lahadi. Injiniya muke ce masa, ko da yake ban taɓa ganin baƙin mai a hannunsa ba.

Da ya leƙa ya ga na buɗe shafin 'yan sa-kai, sai ya kwashe da dariya. "Haba ƙanwata! Wannan ai allon sanarwar coci ne. Ki zo inda duniya za ta gan ki."

Na ce a hankali, "Yaya, mutanen ƙauye za su iya saukewa?"

"Kowa da kowa! Matsa ki gani." Ya janye kwamfutar, ya ɗora zanen a shafinsu da hannunsa. Ni kuma, da na yi kwanaki ina kwatanta shafukan nan, na yi shiru don kada a ce na yi wa babba gardama. Har yau shirun nan ya fi dariyarsa ba ni haushi.

Abin da bai faɗa ba shi ne, kyautar tasu rabi ce. Farkon zane kowa ya gani, sauran kuwa sai mai katin dala. Ni kuma na jera nawa yadda ake haɗa injin: ƙafafu, jiki, wuƙaƙe, sannan murfin da ke kare yatsu, tunda shi ake ɗaurawa a ƙarshe. Murfin ya faɗa cikin abin da suka kulle. A wajena, da yake ni ce mai zanen, komai a buɗe yake, don haka da murna na tura wa matan zumunta na cocinmu adireshin shafin.

Goggona ta Fadan Kaje ce ta fara kai wa wani mai walda a Zangon Kataf. Ya ƙera abin da ya gani, tsaf. Bayan girbi aka kira ni, wai injin ya kama mata hannu.

Na same ta a tsakar gida, yatsu biyu a naɗe, kan ɗaya ya tafi. Ga injina a gindin mangwaro, wuƙaƙe tsirara. Ta ɗaga hannun ta ce, "'Yar boko, kin zo? Injin naki yana da sauri, gaskiya. Citta da mutum duk ɗaya ne a wurinsa." Matan da ke wurin suka yi dariya, ni na kasa. Sai ta ƙara da cewa mata uku na Kajuru sun riga sun ba da a yi musu irinsa.

Washegari na kai wa mai waldan zanen murfin a takarda. Amma wa ya san masu walda nawa suka gani? Na nemi masu shafin su buɗe sauran ko su cire duka. Suka amsa cewa suna alfahari da hazaƙata. Na tura hoton hannun goggo. Suka sake yin alfahari da hazaƙata, kalma bisa kalma, har da hoton fure. Zanen yana can har yanzu.

Na koma allon sanarwar cocin da aka raina, na ɗora komai, murfi a shafin farko. Tun daga nan, kafin in ba wani shafi zanena, sai na ari wayar goggo na gwada. Idan ba ta ga shafin ƙarshe ba, ba buɗaɗɗe ba ne, komai yawan masu dariya a hotunansu.

Injiniya kuwa ya daɗe yana kauce mini. Ranar da na tare shi a bakin tasha, na ce, "Yaya, ka ce kowa da kowa."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya dube ni da mamaki na gaske. "To ai kowa na gani, ƙanwata. Ni ina na san har manoma kike nufi?"