Faɗan Hajiya a Cikin Kaset

Na bar Withington, unguwarmu a Ingila, da niyyar yin wata uku a Kumasi, in yi jinyar tsohuwata in dawo. Allah bai nufa ba. Sai da na yi shekara biyu da wata huɗu, har ranar da muka kai ta makwancinta.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na san fasfona na ɗauke da hatimin zaman dindindin a Ingila, don haka hankalina kwance. Bayan sadakar arba'in sai ga wayar 'yata da ke aure a Erdington, can Ingila.

"Baba, hatiminka ya mutu. Two years, Baba! Duk wanda ya wuce shekara biyu a waje sai ya nemi izinin dawowa."

"Shi ma ya cika? Allah ya ji ƙansa."

"Ba wasa nake ba. In suka hana ka, Mama ita kaɗai ke nan."

Nan dariya ta ƙare. Hajiya, matata, ko bas ɗin Oxford Road ba ta hawa sai ta dafa kafaɗata, saboda gwiwa.

'Yar ta aiko da takardun council, wato ƙaramar hukuma, da na GP, likitanmu na unguwa, ta ce in haɗa da na asibitin tsohuwa, da wasiƙun Mama, don a ga zumunci bai yanke ba. To, Hajiya ba ta rubutu. Kaset take cikawa, ta ba duk matafiyin da ta samu. Kuma tun daga sallama faɗa ne.

"Malam, ka dasa barkono a taga ka tafi, ni ce baiwarsa? Sannan wa ya ce ka tafi da hular sanyi Kumasi? Ƙanƙara ake yi a can?"

In ta gama sai ta manta ba ta kashe rikoda ba. Sai in ji buta na tafasa, ruwa na dukan taga, silifas ɗinta na ja a ƙasa, wani lokaci ajiyar zuciya. Wurin nan na fi maimaitawa, har zaren ya fara laushi.

Ranar ganawa a ofishin biza na Accra na tura takardu ta ƙarƙashin gilashi, sannan na zazzage jakar kaset. Baturiyar da ke bayan gilashin ta tambayi ko mene ne. Na tattaro Turancina gaba ɗaya.

"Letter from my wife, madam. She shout. Every month."

Ta cije leɓe tana danne dariya. Ta ce, kuma so nake in koma?

Na ce in ban koma ba, wa Hajiya za ta yi wa faɗan?

Ko kaset ɗaya ba ta saurara ba, takardun ta riƙe. Bayan kwanaki biza ta fito. Har yau 'yata cewa take takardar asibiti ce ta yi aiki. Ita ta yi jami'a, ba na musu da masu ilimi, amma na san abin da na sani.

Da na iso gida, barkonon ya kai rabin taga, ya yi 'ya'ya jajur. Hajiya ta buɗe ƙofa, ta daɗe tana dubana.

"Ka rame. Cire takalmin nan, yanzu na yi shara. Ina hular?"

Na sunkuya ina kwance igiyar takalmi a hankali, don kada ta gama faɗan da wuri.