Kakan Gidaje Uku

Tun da wani tsohon mai ɗaukar hoto a unguwa ya rufe shagonsa ya samo sabuwar sana'a: bin hotunan salsalar iyalai da mutane ke sakawa a intanet yana tono kurakurai. Sai ya zauna a baranda, tabarau a kan hanci, waya can nesa da fuska, yana ta tsaki.

"Wannan ba kakarku ba ce, ƙanwarta ce," haka zai rubuta. "Ni na ɗauke ta, ranar ma da mura ta zo."

Ba mai iya musu da shi, don duk fuskokin unguwar sun bi ta gaban kyamararsa.

Ran nan 'yarsa ta leƙa wayar, ta ga gidaje uku sun saka hoton wani saurayi mai gashin baki, kowa na cewa kakansu ne.

"Baba, wannan fa? Ba ka gyara musu ba."

Ya yi murmushi. Hotonsa ne na samartaka, wanda a da yake sakawa cikin kowane firam ɗin hoto na sayarwa don samfuri. Wasu masu saye ba su cire shi ba, har jikoki suka taso suka gan shi a bango.

"Ƙyale su," in ji shi. "Na san fuskokin kakannin nasu na gaske. Taimakonsu na yi."