Ranar da Aka Ƙidaya Mu a Hindawiyya

Gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda ɗaki biyu ne da tsakar gida, kuma a nan kakata take suyar gyaɗar da take sayarwa. Sitti muke ce mata, kamar yadda yaran Jidda suke kiran kakanninsu. Da ƙafa ta taso daga Daura tana amarya, ta haifi babana a Sudan, sannan ta ƙetaro teku. Da an idar da magariba sai ta hura gawayi, ta ɗora kasko da rairayi, mu kewaye ta. Hannu na juya gyaɗa, baki na ba mu tatsuniya, kafin isha an tashi.

Ina da shekara goma Zulai ta zo. Jikar ƙanwar Sitti ce, sa'ata, ta biyo iyayenta hajji, suka wuce Madina neman aiki suka bar ta a wurinmu. Tun makon farko na ji ta tsaya mini a rai. Sitti za ta zaunar da ita kusa da gwiwarta, tana tambayar ta ko tsamiyar ƙofar gidansu tana nan, ko wance ta rasu. Su yi ta dariya kan kalmomin da ban taɓa ji ba. Ni kuwa in na buɗe baki rabi Hausa ne rabi Larabci. Gurbin da nake zama shekara da shekaru, Zulai ta gaje shi cikin kwana bakwai.

Ana haka dattawan unguwa suka ce a ƙidaya Hausawan Jidda, don a san yawan yaran da za a nema wa malami. Malam Haruna tela aka ɗora wa aikin. Ya zo gidanmu da littafi mai layi a tsakiyar kowane shafi.

"Ke 'yata, ina ne garinku?" ya tambayi Zulai.

Ta durƙusa ta ce, "Daura, Baba." Har unguwa da sunan kakan kakanta ta jero masa.

"Masha Allah! Ga Bahaushiya." Ya rubuta ta a dama. Ya juyo gare ni. "Ke fa, Maryama?"

Na ce, "Ni min hina ce, 'yar nan, Hindawiyya."

Ya yi murmushi ya rubuta ni a hagu. Na leƙa na tambaye shi me ke hagu. Ya ce, "Haifaffun nan. Ku sai dattawa sun zauna sun ga inda za a sa ku."

Washegari Sitti ta aike mu kasuwar Bab Makka sayo gishiri. Zulai ba ta jin ko kalma ɗaya ta Larabci, gefen mayafina take riƙewa. Da muka shiga cunkoso na fizge mayafin na laɓe bayan buhunan shinkafa. Ina kallon ta tana juyi, tana kiran sunana. Wani mai shago ya tambaye ta gidansu, ta kasa ba shi amsa. Na bi ta wata hanya na koma gida, na ce ta ɓace mini. A zuciyata cewa nake, ai Bahaushiya ce, ta tambayi hanya da Hausar.

Babana ya rufe aikinsa ya bazama nema. Sai bayan la'asar wani mai sayar da ruwa, mutumin Nijar, ya ji kukanta da Hausa ya kawo ta. Ƙafarta duk ta fashe. Ba ta tona ni ba, amma ba ta dube ni ba.

Da magariba Sitti ta hura wuta kamar kullum. Ta ce, "To, ga wata nan ta biyo hayaƙi." Muka ce ta iso mu ji.

Wai wata mata ce ta tsinci ƙwan zabuwa a daji ta sa wa kazarta. Aka ƙyanƙyashe, jiki na zabuwa, baki na kaji. Rannan sarkin zabi ya aiko a ƙidaya masa jama'arsa. Ɗan aike ya ce kowa ya yi kukan zabi. Zabuwar gida ta buɗe baki sai kukan kaza ya fito, aka ce ta koma gefe. Akwai wata zabuwar daji da ta baƙunci gidan, ita aka ƙidaya. Suna cikin kiwo sai zakara ya yi kukan shaho. Zabuwar gida ta gane, don harshen da ta tashi da shi ne. Ta shige ƙarƙashin rumbu ba ta ce wa 'yar'uwarta komai ba. Shaho ya sure baƙuwa. Da ɗan aike ya sake ƙirga ya ga saura ɗaya, sai ya ce, "Ke ta gida, zo ki cike mana gurbi."

Sitti ta kwashe gyaɗa ta ce, "Aka ƙidaya ta. Ta shiga sahu, ta duba dama ta duba hagu, babu wanda ta sani. Ƙarshenta ke nan, ɓera ya ɗauki kansa."

Ba ta dube ni ba, amma na fashe da kuka. Na faɗi abin da na yi. Babana ya miƙe, Sitti ta ɗaga masa hannu ya koma ya zauna.

Zulai ce ta yi magana. "Ni da zan iya Larabci kamar ke, wallahi da na ba ki Daurar gaba ɗaya. Kullum in kika yi ciniki da mai burodi ji nake kamar in mutu."

Ban taɓa zaton ina da abin da za a yi wa ƙyashi ba. Ban ce daga ranar na daina jin zafi in suna hirar Daura ba, don na ci gaba da ji har Zulai ta tafi. Amma ban ƙara sakin hannunta ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan gargaɗi ce kan mugunta kawai. Bayan na yi aure na kama aikin shara a wani asibiti a unguwar Sharafiyya, inda na saba da wata likita 'yar ƙasar Cek ta Turai, wadda ta baro ƙasarsu tun tana budurwa. Wata rana na same ta da takarda a hannu. Ta ce 'yan ƙasarsu da ke warwatse a duniya ne suke son sanin yawansu, kuma su ma gardama suke: wasu sun ce sai mai jin harshen, wasu sun ce jini ya isa. Ɗiyarta a waje aka haife ta, ba ta iya harshen ba.

"Ya Maryama, in rubuta ta ko in bar ta?"

Nawa yaran ma a lokacin in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Na jingine tsintsiya na ce mata, "Rubuta ta, daktora, kuma ki rubuta a gabanta ta gani. Manya za su gama gardamarsu su sha shayi. Yaron da aka ce ya tsaya a gefe shi ne ba ya mantawa."

Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta ce sai ta koma gida za ta rubuta ta a gabanta.