Kwana Goma da Ban Tambaya Ba

Malamin da ya koya mana lissafin abin da ke canzawa ta fuska fiye da ɗaya ba mazaunin jami'armu ba ne. Aro shi ake yi daga babban birni, sau ɗaya a shekara, ya zo ya juye mana darasin wata huɗu cikin kwana goma ya koma. Daga ƙarfe takwas na safe zuwa bayan la'asar, har Asabar da Lahadi, kwana na goma sha ɗaya kuma jarrabawa. Wanda waɗannan kwanaki suka wuce shi sai ya jira wata shekarar, kuma ba a shiga aji na uku sai da wannan darasi. Mutanen gidanmu a Badaguishiri sun san haka, domin ni na bayyana musu da bakina lokacin hutu.

A shekarar da nake magana ya zo cikin bazara, ana tsakiyar cirar albasa. Na bar Baba a gida da kumburarriyar ƙafa, an kai shi asibiti a Konni sau biyu an dawo da shi. Ba ya son waya. Duk ranar Alhamis yayana yakan kira ni, ya miƙa masa ita, shi kuma ya ce, "Lahiya kake? Kana cin abinci? To ga yayanka." Iyakar hirarmu ke nan, amma ba a taɓa tsallake ta ba.

Ranar Litinin muka fara. Malamin gajere ne, yana rubutu da hannun hagu, yana sharewa da na dama kusan a lokaci guda. Ya zana tudu a allo ya ce mu manta da layi, yanzu a kan ƙasa muke tsaye, mai gabas da arewa. In kana son sanin yadda tudun ke hawa ta gabas, sai ka tsayar da arewa cak kamar babu ita, ka taka gabas kaɗai. Sannan ka tsayar da gabas, ka taka arewa. Wannan ne aikin kwana biyun farko, kuma na ji daɗinsa.

Ni ba mai ɗaga hannu ba ne a aji. Abin da na iya shi ne rubutu. Ina da biro uku, shuɗi na bayani, ja na ƙa'ida, baƙi na misali, kuma ba na barin layi ban ja shi da ma'auni ba. Saboda haka littafina ake karɓa kowace yamma a kai shago a buga wa waɗanda hannunsu bai cim ma malamin ba. Abokin ɗakina, wani dogon Bafulatani ɗan Illela, shi ke kai shi yana dawo da shi. Magatakarda yake kirana.

"Magatakarda, in ka mutu cikin satin nan aji duka ya mutu," in ji shi. "Ka riƙa duba hanya in za ka ƙetare."

Ranar Alhamis yayana ya kira lokacin hutun azahar, kamar kullum. Ina tsaye a inuwar bangon aji da ledar ruwa a hannu. Ya tambayi karatu, ya tambayi zafi. Muryarsa daidai take. Abin da ke bayansa ne ba daidai ba. A gidanmu turmi ɗaya ke aiki, matar yayana ke daka ita kaɗai tunda Inna ta bar yi. Ran nan na ji taɓarya uku, wataƙila huɗu, suna sauka bi da bi. Na tsaya na ƙirga su. Sai wata muryar namiji da ban sani ba ta yi sallama, na ji yayana ya yi sauri ya matsa, iska ta cika wayar.

"Baba shina kwance, barci ya ɗauke shi," ya ce tun ban tambaya ba. "Kai dai ka riƙe karatunka. Kwana nawa ya rage?"

"Bakwai da jarrabawa."

"To madalla. In kun gama ka taho ka huta."

Ba a taɓa ce mini in taho in huta ba. Ba a tara mata daka a gidanmu sai biki ko suna ko sadakar mamaci, kuma babu mai ciki, babu mai aure. Tambaya ɗaya ce ta rage, kalma uku ko huɗu, kuma na san yayana ba zai yi mini ƙarya ba in na yi ta kai tsaye. Na kuma san in ya amsa, dole in kama hanyar tasha a ranar. Na ce ya gaishe da mutanen gida. Na shanye ruwana, na koma aji.

Da yammar nan aka koya mana yadda ake gano ƙololuwar tudu da gindin kwari, da wani wuri na uku wanda ba ko ɗaya ba, inda ƙasa ke hawa ta wata fuska tana gangarawa ta wata, kamar sirdi. Shafukan suna nan har yau. Na sha duba su in ga ko hannuna ya yi rawa. Bai yi ba.

Da na koma ɗaki na kashe waya, na tura ta ƙasan jaka ƙarƙashin kayan sanyi. Ina da ƴan uwa a Malbaza da Dogarawa waɗanda ba sa riƙe magana, wani cikinsu zai iya aiko da gaisuwa. Na san abin da nake yi sa'ad da nake yin sa.

Kwanakin da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu da yawa. Ina tashi, ina salla, ina cin shinkafa da wake a bakin ƙofar makaranta ba tare da na ji ɗanɗanonta ba. Muka shiga tara abu a kan fili: ka yanka filin siri-siri ta tsawo, ka tara kowane yanki, sannan ka tara yankunan. In ya ƙi, ka juya ka yanka ta faɗi. Na iya wannan juyin fiye da kowa a layinmu, har wata ɗaliba da ba ta taɓa yi mini magana ba ta zo ta ce in nuna mata. Na nuna mata. A salla nakan kai wurin addu'a in tsaya, domin ban san wacce zan yi wa Baba ba, ta mai ciwo ko ta wanda ya riga mu. Sai in shafa in tashi.

Ranar Lahadi abokin ɗakina ya nemi aron wayata, tasa ba caji.

"Ta lalace," na ce.

"Wayar magatakarda ta lalace? Kai da ko biro ba ya mutuwa hannunka?" Ya dube ni, dariyar ta tsaya masa. "Lahiya dai gida?"

"Lahiya lau."

Daga ranar ya riƙa kawo mini fura daga wajen wata ƴar garinsu, ya ajiye kusa da littafina ya fita.

Jarrabawar awa uku ce, tambaya huɗu. Na gama da sauran lokaci, na sake bin kowane layi, na gyara alama ɗaya da na juya. Daga baya aka liƙa sakamako, na ci, amma wannan sai bayan wata guda. A ranar dai na miƙa takarda na wuce tasha.

Mota ta sauke ni a mararraba da hantsi washegari, na shiga wata zuwa garinmu. Yayana na jirana a bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba. Ya karɓi jakata, muka yi ƴan taku, sannan ya faɗa mini. Ranar Talata Baba ya rasu, da safe, kwana na biyu da fara darasi. Na yi salati. Na jira wani abu ya taso mini, bai taso ba.

A gida aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, mutane suka riƙa zuwa gaisuwa ta biyu domina. Kowa ya zauna sai ya ce, "Bawan Allah, shina can bai sani ba." Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Dogarawa ta tsaya a tsakar gida tana yi wa yayana faɗa, kowa na ji.

"Kun hana yaro ganin uba nai! Ko sadakar bakwai bai samu ba. Boko mi? Boko za ya yi mai addu'a?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri."

"Haƙurin mi? Kai dai tun kana ƙarami kake da taurin rai."

Yayana ya sunkuyar da kai ya sha faɗan. Ina zaune a zaure ina jin komai.

Kwana biyu bayan haka na bi yayana garkar albasa da sassafe. Albasar ta wuce lokacin cira saboda zaman makoki, ganyen duk ya kwanta. Muka yi aiki a kunya ɗaya, shi a gaba ni a baya. Da muka kai ƙarshe na ce, "Yaya, na sani. Tun ran Alhamis da ka kira. Ni na kashe waya."

Ya ci gaba da kakkaɓe ƙasa daga albasar da ke hannunsa.

"Inna ta ce a ɓoye maka, ba ni ba," ya ce. "Ita ta hana kowa. Tana ganin ta ɗauke maka nauyi, shi ne abu guda da ta samu ta yi cikin wannan sati. Kada ka hwaɗa mata."

"Gwaggo fa? Kai take zagi."

"Bar ta. Ɗauko buhu."

Da muka dawo Inna ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba, ta rame. Ta tambaye ni ko jarrabawar ta yi sauƙi, na ce ta yi. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka ji haushinmu, ko?"

Na ce ban ji ba. Ta gyaɗa kai, ta ce in je in ci abinci.