Ranar da Shanu Suka Jawo Motar Baffa

Kafin in fara, ya kamata in faɗa cewa shekaru sun ja, kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai yadda ya faru. Mai yiwuwa in sa wata magana a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba, ko in rikita kaka da rani. Amma ranar da shanu suka jawo motar Baffana har ƙofar gidanmu a Gumel, da abin da ya biyo baya, wannan kam ba zan manta da shi ba muddin ina raye.

Idan ban yi kuskure ba, shekara ɗaya ne ko biyu bayan an bar fam da sule an koma naira. Ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a wata makarantar sakandare, ina zaune a gidan Baffa, ƙanen mahaifina. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin nawa, shi ya sa ni a boko duk da surutun dangi. Mai cinikin hatsi da gyaɗa ne, mutum mai barkwanci da saurin fushi. Ya laƙaba mini suna Malam Wataƙila, domin a cewarsa ko tambayata aka yi ko gari ya waye, sai in ce da alama.

Baffa yana da wata tsohuwar akori-kura da yake jigilar kaya da ita. Wata rana na raka shi kai gyaɗa Gagarawa Tasha. A hanyar dawowa motar ta yi zafi, tururi ya turnuƙe gabanta, da ƙyar muka lallaɓa muka iso. Da bakanike ya buɗe, sai ya nuna mana baƙin mai ya gauraya da ruwa ya yi fari-fari kamar kunu. Ina tsaye riƙe da babbar rigar Baffa lokacin da bakaniken ya ce, "Maigida, injin nan ya tsage. Zan liƙe shi, za ta yi maka yawon cikin gari. Amma in aka loda mata kaya aka yi doguwar tafiya, za ta sake." Ya liƙe, mota ta tashi. Ba a jima ba shi bakaniken ya koma Damagaram da zama.

Bayan wasu watanni na tafi Kano wani kwas na malamai. Da na dawo sai na tarar babu motar. An sayar wa wani Alhaji na Maigatari, babban bafataken shanu, wanda yake so ya riƙa ɗaukar dusa da hatsi daga kasuwannin ƙauye.

Ana nan sai wata rana bayan la'asar muka ji hayaniya a waje. Da muka fita, sai ga bijimai biyu na noma an ɗaura musu igiya a gaban motar suna janta, direba yana ciki yana riƙe da sitiyari, injin a kashe. Alhaji kuwa yana tafe a ƙasa da laima, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Rabin unguwa na biye da su.

Baffa ya ƙyalƙyale da dariya. "Alhaji, fetur ne ya ƙare, ko huɗa ka koma yi da ita?"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Dabbarka na maido maka. Tana da aibi."

Ashe ya ɗauko hatsi daga Sule Tankarkar, da suka wuce Ɗanzomo motar ta yi irin abin da ta yi mana. Direba ya ce in ta huce aka zuba ruwa za ta kai su gida a hankali. Alhaji ya ce faufau. Ya sa aka sauke kayan, ya yi hayar shanu, tun hantsi suke tafe. A wurinsu fataken dabbobi, wanda ya sayi doki ya gano aibinsa, sannan ya ci gaba da hawa, to ya yarda da shi ke nan, ba shi da bakin mayarwa. Shi kuwa bai ga bambancin mota da doki ba.

Baffa ya ce abin da aka saya an saya. Alhaji ya bar motar a nan, ya damƙa makullin a hannun mai unguwa, ya tafi wajen alƙali.

Washegari Baffa ya kira ni zaure. "Kai da ka yi jami'a, me dokar Turawa ta ce? Na ji an ce a wurinsu mai saye shi zai buɗe idonsa."

Na ce masa ni ba shari'a na karanta ba, amma a iya abin da na ji daga abokai, wanda ya sayar da motarsa ta hawa ba ɗaya yake da mai sana'ar sayar da motoci ba, ba a cika kama shi da laifin lalacewar da ta bayyana daga baya ba. Sai dai kuma, wataƙila, idan an tambaye shi ya faɗi abin da ba haka ba, maganar ta canja.

"Alhajin ya tambaye ka, Baffa?"

"Ya ce tana da aibi? Na ce lafiyarta lau, sai tsufa. To tsagewar inji ba tsufa ba ce?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri. Kuɗin makarantar nan, da ma awaki na saya da su."

Abin da ban zata ba shi ne, Alhaji ya bincika ya ji cewa ina wurin ranar da bakanike ya yi magana. Da yake bakaniken ya ƙetare iyaka, sai ya ba da sunana a matsayin shaida. Tun da sammaci ya zo abinci ya daina yi mini daɗi. Mutumin da ya raine ni za a tsayar da ni in yi magana a kansa a gaban jama'a.

Da safen ranar, Inna, matar Baffa, ta kawo mini koko da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ni ban ce ka yi ƙarya ba, ɗan nan. Ka ce dai ba ka tabbata ba. Ai kowa ya san halinka, wa zai yi mamaki?" Gaskiyarta, babu wanda zai yi mamaki. Wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali, domin hanya ce a buɗe, kuma daidai ni.

Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Da ya ji labarin shanun sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai matafiyi yana da uzuri. Da ka lallaɓo da ita ma ba za a ce ka yarda ba."

Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, ban so in bar wa kowa abin faɗa."

Daga nan alƙali ya yi bayani, in na riƙe shi daidai. Aibin da ke fili, kamar lotsewar ƙofa ko suɗaɗɗiyar taya, mai saye ya gani ya yarda, ba a waiwayarsa. Aibin da ya samu kayan a hannun mai saye kuma nasa ne. Amma ɓoyayyen aibi da ya riga ciniki, mai rage daraja, wannan mai saye yana da zaɓin mayarwa, balle in mai sayarwa ya sani ya yi shiru. Saboda haka tambaya ɗaya ce: tsagewar nan tsohuwa ce ko sabuwa?

Aka kira ni. Baffa yana zaune gefe, bai dube ni ba. Na fara cewa, "Allah gafarta Malam, da alama dai, a iya tunanina..."

Alƙali ya ɗaga hannu. "Malam, nan ba ma karɓar da alama. Ka ji bakanike ya faɗa wa baffanka inji ya tsage, ko ba ka ji ba?"

 Na tuna rigar da nake riƙe da ita ranar, har nauyinta na ji a hannuna. Na ce, "Na ji."

Alhaji ya haɗa da rantsuwa, aka warware ciniki. Baffa ya mayar masa da kuɗinsa, sai da ya sayar da hatsin da ya ajiye don bazara.

Ya daɗe bai yi mini magana ba. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice, ya kau da kai. Ya daina kirana Malam Wataƙila, ya koma kirana da sunana na yanka, kuma ban taɓa sanin sunan mutum zai iya yi masa ciwo haka ba. Motar kuwa tana ƙarƙashin bishiyar maina, kaji suna ƙwai a cikinta.

Sai bayan damina wani mai niƙa ya zo taya ta. Baffa ya aika a kira ni daga ɗaki. Da na fito, sai ya buga gaban motar da tafin hannu ya ce wa mutumin, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, "Ka saurara da kyau. Injinta a tsage yake, an liƙe. Ba ta doguwar tafiya. In ka saya, kada in ga shanu a ƙofar gidana." Sannan ya nuna ni da baki. "Ga shaida nan, Malam Wataƙila. Sau ɗaya ya taɓa tabbatar da magana a duniya, kuma a kaina ta faɗa."

Mutane suka yi dariya. Ni dai na sunkuyar da kai, don kada a ga idona. Har ya rasu, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Amma daga ranar ko buhun gero zai sayar, sai ya zura hannu ƙasa ya ɗebo ya nuna wa mai saye.

Abin da na koya, in har na fahimta, shi ne miƙa makulli ba ya sauke nauyin mai sayarwa. Abin da ka sani a cikin kayanka, wanda idon mai saye ba zai kai gare shi ba, yana wuyanka har sai ka faɗa. Na kuma koyi cewa taka-tsantsan ɗin da nake taƙama da shi yana iya zama maɓoya, in mutum ya san amsa ya ce wataƙila.

Akwai waɗanda suka ga shanun nan da idonsu, a Gumel ko Ɗanzomo ko Maigatari, kuma ina zaton wasu suna raye. Duk wanda ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara. Kalma biyun da na faɗa a gaban alƙali ne kaɗai ba na neman gyara a kansu.