Kuɗi Ɗaya, Haraji Biyu

Munzali Maitama ya daɗe yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Muryarsa ta fi fuskarsa suna. Da aka zo rage ma'aikata, sai ga sunansa cikin waɗanda aka sallama. Ya koma yin tafinta a asibitoci, yau a garin Clinton, gobe a Greenbelt inda yake zaune da iyalinsa. Babu albashi, iya aikinka iya samunka.

A da ofis ne ke cire masa haraji tun kuɗi bai zo hannunsa ba. Wannan karon daga shi sai manhajar haraji a kwamfuta. Kamfanin da ke tura shi aiki ya aiko masa da takardar 1099, mai nuna abin da suka biya shi a shekara. Ya shigar da ita. Can gaba manhajar ta tambayi abin da sana'arsa ta kawo, ya duba asusun banki ya rubuta jimlar duka, bai lura kuɗin kamfanin na ciki ba. Manhajar ta haɗa biyun, ta ɗora masa harajin da ya sa shi gumi.

Matarsa Ramla ta leƙa ta ce, "Abban Khalil, anya kuwa? Ka kai wa ƙanena Nasir ya duba mana, ai akanta ne."

"In kai wa Nasir ya ga abin da nake samu yanzu? Allah ya sawwaƙe."

Ya biya da kuɗin da ya tara na tikitin zuwa Zariya ganin mahaifiyarsa, Hajiya Ɗija. Ya buga mata waya ya ce, "Hajiya, tafiyar nan sai baɗi."

Ta ce, "Allah ya kai mu. Dama ko a rediyon na daina jin ka."

Ba ta kai Babbar Sallah ba. Labarin rasuwar ya same shi a barandar asibiti, ya share fuska ya koma ciki ya ƙarasa wa wata tsohuwa bayanin likita.

Da shekara ta zagayo, Ramla ce ta kwashi takardun ta kai wa Nasir ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Nasir ya zo har gida.

"Yaya Munzali, kuɗi ɗaya ka shigar sau biyu. In ka sa takardar kamfani, a tambaya ta biyu abin da ba ya kan takardar kaɗai ake rubutawa. Amma ana gyarawa, za su maido."

"Za su maido," Munzali ya maimaita.

Sun maido kuwa, bayan watanni, har da ɗan ƙari. Ramla ta ce ko ya je ya ga kabarin. Ya ce a bar maganar. Har yau yana tafinta, kuma idan wani mara lafiya ya ce kamar ya san muryar nan, sai ya ce kama ce kawai.